Wayar da ake kawowa caji ranar Talata

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a bakin kasuwar Talata Mafara, wani abu ya same ni da rana tsaka wanda har yau ban manta da shi ba. Na ce da rana tsaka ne don kada wani ya ce mafarki na yi. Kasuwa na ci, masu amalanke na ihu a ba su hanya, ni kuma ina zaune cikin shago ido biyu.

Shagon ba wani abin a zo a gani ba ne. Teburi ɗaya, benci ɗaya, fanka mai kukan tsiya, sai bangon kwano da ya raba ni da maƙwabcina mai cajin waya. Amma a lokacin ji nake daga Mafara har Gusau babu injiniya kamata. Abin da ya ƙara kumbura mini kai kuwa wata manhaja ce da na samu. Kowane sashe na kwamfuta, lasifika ce, kyamara ce, abin kama intanet ne, yana da 'yar ƙaramar manhajar da ke sa shi aiki, mu a sana'a direba muke ce mata. In direba ya tsufa ko ya lalace sai sashen ya yi shiru, ka rantse ƙonewa ya yi, alhali lafiyarsa lau. Da can sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana nema har idonka ya yi ja. Ita wannan manhajar kuwa, kana dannawa za ta bincika ta jero maka duk waɗanda suka tsufa da jan tambari, ka sake danna wuri guda ta sabunta su gaba ɗaya. Maigidana da ya koya mini aiki ya sha ja mini kunne cewa in gyara abin da aka kawo mini kawai, in bar sauran yadda na same su. Ni kuwa ina! Ba na iya ganin jan tambari in wuce shi, sai na ga komai ya koma kore hankalina yake kwanciya.

Ina da wani aboki ɗan Bakura, tare muka yi sakandare, gidansu kamar gidanmu ne. Yayarsa tana auren wani malamin gona, mutum dogo mai yawan shiru, wanda ke yawo ƙauyuka bisa babur yana duba gonakin mutane. Wata damina ya fita aiki wajen Maradun, ranar aka tare hanya, tun daga nan babu shi babu labarinsa. An tsinci babur ɗinsa a yashe gefen hanya. An jira a ji kira daga waɗanda suka ɗebi mutane, an kira iyalan wasu, su ba a kira su ba. Waɗanda aka sako daga baya suka ce ba su gan shi a daji ba. Lambarsa kuma kullum a kashe.

Haka yayar ta zauna har wata daminar ta kusa zagayowa. Ba a yi mata gaisuwa ba, don ba wanda ya ga gawa. Ba ta shiga takaba ba, don ba wanda zai iya cewa mijinta ya rasu. In an zo gidan ba a san me za a ce mata ba, sai dai “Allah ya bayyana shi”, ita kuma ta amsa da amin. Ni kaina na rage zuwa gidan saboda nauyin wannan gaisuwar.

Wata Lahadi sai ga abokina da jaka a kafaɗa. Bayan mun gaisa ya zaro kwamfutar hannu ya ajiye a teburina.

Ya ce, “Ta mijin Yaya ta. Tun da abin ga yaf faru ba wanda yat taɓa ta. Ɗiyarta babba za ta zana jarrabawa, an ce da kwamfuta aka yi yanzu, shi na Yaya tac ce a duba mata ita. Sauti bai fita, kuma ba ta kama intanet.”

Na ce ya bar ta, ya dawo ƙarshen mako.

Washegari na kunna ta. Babu lambar sirri a kanta, hoton gonar shinkafa ne a fuskarta. Na jona mata intanet ta igiya, na sa manhajata, ta jero mini jajayen tambura reras. Na sauti na ciki, na intanet na ciki, waɗannan su aka kawo mini. Can ƙasa kuma ga na bulutut, wato abin nan da ke haɗa waya da kwamfuta ba tare da igiya ba, shi ma ya daɗe da mutuwa. Ba wanda ya ce in taɓa shi. Na danna na sabunta su duka, kamar yadda na saba.

Da ta gama ta sake kunna kanta, sauti ya dawo, intanet ya kama. Na buɗe shafin bulutut don in gwada shi da wayata, sai na ga ashe akwai wata wayar da aka taɓa haɗawa da ita tun da. Sunan da aka sa mata shi ne Malamin Gona. A ƙarƙashin sunan ga ɗan rubutun Turanci mai nuna cewa sun san juna amma yanzu ba sa tare. Na yi wa mai wayar addu'a, na ci gaba da aikina.

Ranar Talata na bar ta a kunne tun safe ina sauke wa yarinyar tambayoyin gwaji, shafin bulutut ɗin yana buɗe a gefe don na manta ban rufe ba. Da hantsi ina cin ƙosai na ɗago kai, sai na ga rubutun da ke ƙarƙashin sunan ya canza. Yanzu cewa yake a haɗe suke.

Na ajiye ƙosan. Wanda bai san aikin ba ba zai gane abin da ya sa na tsorata ba. Bulutut ba kamar kiran waya ba ne da zai taso daga Legas ya same ka. Iyakarsa daga inda kake zuwa bakin ƙofa, ko ka ɗan ƙara kaɗan. In kwamfutar nan ta ce tana haɗe da wayar mutumin nan, to wayar tana nan kusa da ni, a kunne, a daidai wannan lokacin.

Na leƙa waje. Mutane ne maƙil kamar kowace Talata, masu buhunan gero, masu jan awaki, mata da kwanoni a ka. Duk dogon mutumin da ya gifta sai na bi shi da kallo har ya ɓace. Na koma ciki na duba ƙarƙashin teburi, na duba jakar da aka kawo kwamfutar, na zazzage ta, babu komai sai igiyar caji da wani tsohon biro. Na ma duba bayan benci, ban san me nake tsammanin gani ba. Rubutun yana nan bai motsa ba. Mutane biyu suka zo da aiki na ce su dawo gobe. Bayan la'asar, ina kallo da idona, ya koma yadda yake da.

Da na samu natsuwa sai na ɗora laifin a kan manhajar. Na ce wataƙila direban banza ta sauko mini da shi, shi yake nuna abin da babu. Laraba na cire shi na sa wani, na gwada da wayata, yana aiki daidai. Na zauna ina gadin sunan nan Laraba, Alhamis, Juma'a, ko motsi bai yi ba. Da abokina ya zo karɓa na ce masa akwai sauran aiki, ya ƙara mini mako. Ban iya faɗa masa ba. Me zan ce? In je in tayar wa matar nan da hankali a kan ɗan rubutu, gobe ya zama ba komai?

Mahaifiyata kaɗai na faɗa wa, da na ga ta lura ba na cin abinci. Tana tsince shinkafa a tsakar gida ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Kayan mutumin da ba a san rai nai ko mutuwa tai ba, mi yak kai ka tona su? Ka yi addu'a, ka mai da musu abinsu.” Na ce to. Ban mayar ba.

Talata ta zagayo. Na kunna kwamfutar tun kafin kasuwa ta cika, na zauna a gabanta. Da hantsi, kusan daidai lokacin wancan makon, rubutun ya sake canzawa.

A nan ne tsoron ya sauya kama. Makon farko tunanina ya tafi wajen fatalwa da aljanu, ban ɓoye muku ba. Yanzu kuwa na lura abin ranar kasuwa yake zuwa, kuma na tuna waya ba ta shekara da wuta a cikinta, dole akwai mai yi mata caji. Ke nan wani mai rai ne yake riƙe da ita, kuma duk Talata yana zuwa ya tsaya kusa da shagona. Waye zai riƙe wayar mutumin da ya ɓace ranar da aka tare hanya? Wallahi sai na ji gara fatalwar.

Na daɗe hannuna na kan kwamfutar kafin na yi ta maza. Na zaɓi hoton gonar shinkafar nan, na ce a tura shi ta bulutut zuwa ga Malamin Gona, na danna. Sai na ji wani ɗan siririn ƙara, ƙil, daga bayan bangon kwano. Na kasa kunne. Na soke, na sake turawa. Ƙaran ya sake fitowa daga wuri ɗaya, daidai saitin kunnena na hagu.

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Mutanen ƙauyukan da ba su da lantarki ranar kasuwa suke kawo wayoyinsu caji wurin maƙwabcina, su shiga harkokinsu, in za su koma su karɓa. Shekara da shekaru ina zaune jikin bangon nan, amma tsoro ya hana ni tuna abin da ke bayansa.

Na zagaya. Maƙwabcina na zaune gaban allonsa, wayoyi jere a kai kamar kifi a kan wayar gashi, kowace da 'yar lambarta. Ya dube ni ya ce, “Maƙwabci, lahiya? Na ga kana zuhwa.” Na ce ya saurara, zan koma shago in yi wani abu, ya duba mini wace waya ce za ta yi ƙara. Da na dawo ya nuna mini ita. Fuskarta ta tsage, rabi ya yi baƙi, an ɗaure ta da roba.

Ya ce, “Ta wani tsoho ta, mai sai da igiya. Kowace kasuwa shi ka kawo ta, ya daɗe shina kawowa. Ya taɓa cewa in buɗe mashi ita, nac ce sai dai a wanke ta, komi na ciki shi tahi. Yac ce a'a, a bar ta.”

Na ce, “Ka san shi? Daga ina yake?”

“Ni caji nika yi. Zamanin ga wa ka tambayar mai waya inda yas samo ta?”

Na ciro wayata zan kira abokina, sai na fasa. Na san zuciyarsa. Na kuma san yadda gari yake a lokacin, in aka ce an kama mutum da wayar wanda ya ɓace a hanyar Maradun, ba lallai ya kai ofishin 'yan sanda da ƙafarsa ba. Na ce bari in ga mutumin tukuna. Na roƙi maƙwabcina kada ya faɗa wa kowa, in tsohon ya zo ya ƙwanƙwasa mini bango.

Jiran nan ya yi mini tsawo. Bayan la'asar na ji ƙwanƙwasa. Na fito na tarar da wani ɗan tsamurmurin tsoho, gemu fari fat, sauran igiyoyin da bai sayar ba rataye a kafaɗa, yana sa wayar cikin wata 'yar jakar tsumma da aka ɗinka mata da hannu. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi iyaye, na tambayi hanya da mutanen gida. Na ce ya shigo ya sha ruwa. Ya shigo ya zauna a bakin benci.

Na ce, “Baba, don Allah wayar ga taka ta?”

Ya dube ni. Na zaci zai musa ko ya miƙe ya fita. Sai ya gyara zama.

“Ba tawa ba ta, ɗana. Ka san mai ita?”

Na ce ina jin na san shi. Ya ɗaga hannu biyu sama ya yi hamdala, sannan ya ba ni labari. Ƙauyensu yana can bayan Faru.

“Bara da damina, dawa ta ruhe mutum, anka tare hanya. Wanshekare na shiga gona nis same shi kwance tsakanin kunya, harbi ga cinya. Ga alama gudowa yay yi, jini yaƙ ƙare mashi. Ko takarda guda babu jiki nai. Munka hwaɗa ma mai gari, munka jira iya abin da aka jira da gawa, ba wanda yaz zo. Munka yi mashi wanka, munka yi mashi salla, ni da liman da mutum kaɗan. Shina nan gehen gonata ƙarƙashin kaɗanya, na kewaye wurin da ƙaya. Wagga cikin safa tai take. Nac ce mai waya bai rasa mai kira nai. Garinmu ba wuta, ba ta kama sabis ma can, shi na nika kawo ta nan ta sha wuta, ko Allah zai sa ta yi kuka in hwaɗa musu inda shike.”

Na karɓi wayar na juya masa baya kamar ina duba tsagewar. Na sa allura na zaro wurin layi. Babu komai a ciki. Ban yi mamaki ba, don duk ma'aikacin da ke bin hanyoyin nan a lokacin ya san dabarar. In ka hangi an tare hanya, ka yar da katin shaidarka, ka cire layinka ka jefar, kada a ga saƙon albashi a gane kai na gwamnati ne. Abin da ya yi ke nan don ya tsira, kuma shi ya sa aka binne shi ba a san sunansa ba. Tsohon nan kuwa kusan shekara yana ɗauko wayar da babu yadda za a yi kira ya shigo ta, yana bin hanyar da matasa ke tsoron bi.

Ya ce, “Mai caji ya ce mani yau ta yi kuka.”

Na mayar da wurin layin na rufe. Na ce, “Ta yi, Baba. Mu munka kira.”

Sai a sannan na kira abokina, na fara ba shi labarin kabarin kafin na ambaci wayar. Ya iso kafin magariba. Da ya ga wayar ya gane ta nan take, ya zauna ƙasa dirshan a gaban tsohon yana kuka kamar yaro. Tsohon ya ce hular mamacin da makullin babur suna gida ya adana. Bayan kwana biyu abokina da wasu dattawan gidansu suka bi shi har ƙauyen, suka ga hular, suka tsaya bakin kabarin suka yi addu'a. An ce in zo a tafi da ni, na ce ina da aiki. Babu wani aiki, tsoron hanya ne, injiniyan Mafara guda.

Har yau ina wannan sana'ar, kuma har yau ina amfani da irin waccan manhajar, sai dai yanzu nakan karanta abin da ta jero kafin in danna. Nakan rasa wa zan ba gaskiya tsakanina da maigidana. Shawararsa ita ce daidai, na sha ganin kwamfutar da sabuntawar da ba a nema ba ta lalata. Amma da na bi ta a wannan karon, da wataƙila har yanzu matar nan tana amsa “Allah ya bayyana shi”. Ban ɗauki kaina na yi wani abin kirki ba, karambani na yi Allah ya sa ya faɗa inda ake bukata. Wanda ya yi abin kirki shi ne tsohon, kuma kullum in na tuna shi sai in ji kunyar yadda na zauna ina tsoronsa ta bayan kwano.

Ranar da aka zauna zaman gaisuwa a Bakura na je, na kai kwamfutar. Ni ɗan gida ne, don haka aka shigar da ni har ciki. Yayar na zaune a tabarma da hular a cinyarta. Ta tambayi wani malami ɗan'uwansu yaushe za ta fara takaba, yau ko gobe. Malamin ya ce mata a hankali ai kwanakin takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga su, ba daga ranar da aka ji ba, nata sun wuce tuntuni, babu komai a kanta.

Ba ta yi kuka ba. Ta shafa hular, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, “Ashe na yi takaba tai na ƙare, ina aje mashi tuwo kullum.”